Tarihin Rayuwata, Kashi na Shida: Staj a Garwa

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya ne a inda sunana ya fito a jarrabawar shiga makarantar injiniyoyi ta Jami'ar Marwa, sashen makamashi mai sabuntuwa, Kawu ya raka ni tasha da akwatina. Shekaru biyun farko zan tsallake su, lissafi ne da fizik da zane dare da rana. Bari mu je hutun shekara ta uku, lokacin da na dawo gida Garwa, a arewacin Kamaru, yin staj, wato koyon aiki a kamfani.

Wata 'yar'uwa ta aiko tana tambayar me ya kai mace karatun lantarki. Firizar Inna ce ta kai ni. A unguwarmu Yelwa, Inna ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da su ta saya mana littattafai tun daga firamare. Wutar Garwa da Marwa da Ngaundere kuwa daga madatsar Lagdo take fitowa, wadda 'yan China suka gina a kan kogin Binuwai aka gama a 1982. Injina huɗu gare ta, megawat 72 idan ruwa ya cika. In damina ta yi ƙaranci ruwan ya ja baya, ko rabin wannan ba a samu, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Azumin 2021 ya faɗo tsakiyar zafin Afrilu, wutar kuma ta yi wuya, na ga Inna tana kwashe ledojin da suka narke ana saura kaɗan a sha ruwa. Ga rana tana ƙona mu a banza a tsakar gida. Tun daga lokacin zuciyata ta karkata ga sola, kuma da aka ƙaddamar da manyan tashoshin sola na Marwa da Gider a 2023 na ƙara sakankancewa ban ɓata hanya ba.

Wani ƙaramin kamfani ne ya karɓe ni, masu haɗa sola a gidaje da rijiyoyin burtsatse. Da farko ɗaukar akwatin kayan aiki da riƙe tsani ne rabona. Daga baya maigidanmu ya ga ina iya lissafin girman waya da yawan fanel, ya fara ba ni mita in auna da kaina. A wurinsa na ga a aikace abin da muka karanta: ƙarfin da aka rubuta a bayan fanel a zafin digiri 25 aka auna shi, alhali a bazarar Garwa iska kanta tana haura 40, gilashin kuma ya wuce 60, don haka wutar da za ka samu ba ta kai ta takarda ba. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai sayar wa mutane alkawarin da ba zai cika ba.

Aikin da ya tsaya mini a rai shi ne na wani ƙauye gaba da Pitowa. Wata ƙungiya ta haƙa musu rijiya ta sa famfon sola da tanki, amma tun bazara famfon ya mutu, mata sun koma ɗiban ruwan rafi. Da muka zaro shi, a ƙone yake. Irin wannan famfo yana da na'urar da ke tsayar da shi idan ruwan rijiya ya yi ƙasa, don kada ya yi ta juyi babu ruwa. A Afrilu ruwan ƙasa ya ja, famfon ya riƙa tsayawa, sai wani saurayi mai ɗan sanin waya ya tsallake na'urar ya haɗa kai tsaye. Don taimako ya yi. Bayanin duka yana nan manne a jikin akwatin, da Faransanci da Ingilishi, a garin da ba a jin ko ɗaya.

Maigida ya zauna da jauro, wato mai garin, da dattawa a ƙofar gida, ni kuma na nemi izini na shiga wajen mata. Wata dattijuwa Bahaushiya ta shimfiɗa mini tabarma ta ce, “'Yata, tun da aka haƙa rijiyar nan, ke ce ta farko da ta shigo ta tambaye mu. Mu ne kuwa masu ɗiban ruwan.” Na ce, “Goggo, idan kun ga ya tsaya da kansa, ba lalacewa ya yi ba. Jira yake rijiya ta tara, kamar yadda kuke jiran rijiyar guga ta huta.” Ta ce ai da an faɗa musu haka tun farko, da babu wanda zai bari a taɓa wayar.

Su ma sun ba ni abin da mitata ba ta nuna mini ba, domin da hantsi muka yi awo. Sun ce tun kafin ya ƙone, da rana ta karkata ruwa yake raguwa sosai. Muka jira, sai ga inuwar wata darbejiya ta hau fanel biyu na gefe, kuma tunda a jere aka haɗa su, inuwar biyun nan tana janye ƙarfin sauran. Rassa kaɗan aka sare. Kafin mu tafi na nuna wa 'yan mata yadda za su share ƙurar hunturu daga gilashin, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana a watsa ruwan sanyi kan gilashi mai zafi ba.

Na koma Marwa da burin da ba ya cikin jadawalin darasi. Ina so duk na'urar da hannuna ya kafa in iya bayaninta da Hausa da Fillanci har tsohuwa ta maimaita wa jikarta. Na fara ɗaukar gajerun saƙonnin murya ina tura wa masu kula da rijiyoyi ta WhatsApp, Baba kuma yana taya ni rubuta umarnin akwatin famfo da ajami, tunda dattawan ƙauyukanmu da yawa shi suke karantawa. Ingilishina ma yana bukatar aiki, don takardun inbata (na'urar da ke juya wutar fanel ta zama irin ta gida) da famfo kusan duka da shi suke zuwa. Mun yi yarjejeniya da wata abokiyar karatuna 'yar Bamenda, yankin da ake jin Ingilishi: ranar Asabar Ingilishi kaɗai za mu yi, ranar Lahadi in kai ta kasuwa ta yi ciniki da Fillanci.

Saura tsayuwa gaban malamai in kare rahoton staj ɗin da Faransanci ba tare da duba takarda ba. Yadda ta kaya a zauren, da tambayar da shugaban alƙalan ya yi mini kan darbejiyar nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.