Legas da hoton ƙirjin Kawu

Motar dare muka hau daga Sabon Garin Kano, ni da Kawu, ya rungume ambulan ɗin hoton ƙirjinsa ko a wurin cin abinci bai yarda ya ajiye ba. Bayan mun wuce Badun cunkoso ya riƙe mu har Berger, sai la'asar muka sauka a Zangon Agege, gidan wani amininsa dillalin shanu.

Abin da ya kawo mu kumburi ne da aka gani a babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya. Faɗinta ya kai santimita 4.8, likitan da muka gani washegari kuma ya ce galibi sai ta kai 5.5 ake shawarar tiyata. Kawu ya fito yana hamdala. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Da dare aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, janareton maƙwabta na ta ruri. Ɗan mai masaukinmu, injiniya mai karatun digiri na biyu, ya ɗauko kwamfutarsa.

"Baba, faɗi kaɗai ba ya gaya mana komai da komai," in ji shi.

Ya bayyana mana cewa bangon jijiyar hawa uku ne. Idan na ciki ya tsage, jini kan kutsa ya raba tsakaninsu, kamar tayar tirela da ta ɓare daga ciki alhali bayanta lafiya lau. Wani bincike na 2007 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na waɗanda tsagewar ta sama a kusa da zuciya, jijiyarsu ba ta kai 5.5 ba. Shi ya sa masu bincike ke miƙar da guntun jijiyar da aka yanko a tiyata cikin na'ura har ya tsinke, su auna ƙarfinsa, sannan su gina siffar jijiyar a kwamfuta daga hoton majinyaci. Ya juya mana wata a allo: shuɗiya ce, sai wajen lanƙwasa ta yi jawur, inda matsin ya taru. Aikin bai kai asibitoci su dogara da shi ba tukuna, ya faɗa ba ɓoye-ɓoye.

"To yanzu me ke hannuna, ɗana?"

"Hawan jinin, Baba. Duk hawan da ya yi, bangon ne ke ɗauka."

Kawu, wanda bai shan magani sai kansa ya sara, da safe ya aike ni kemis na sayo na'urar awon jini kafin mu nemi motar Arewa.