Sati na shida da allon LED, ashe matsalar a bakin kebul take

Salam 'yan uwa masu koyo. Wannan satin ko modul ɗaya (wato ƙananan fale-falen fitilu da ake jerawa su ba da babban allo) ban ƙara a allon nan nawa ba, kan kwanekta kawai na zauna, kuma wallahi na fi ƙaruwa a nan fiye da duk satittikan baya.

Allon dai P10 ne mai kala (wato tazarar milimita 10 ce tsakanin ɗigon haske da ɗigo), modul shida, uku sama uku ƙasa, kowanne yana da ɗigo 32 a kwance 16 a tsaye. Ranar Talata na kunna na sa farin gwaji, sai na ga a layin sama, daga modul na biyu har na uku, rabin samansu ya koma wani shuɗi-shuɗi mai ratsin kore, rabin ƙasa kuwa fari tas. Raina ya ba ni modul ne ya ƙone, har na ɗauko sukurudireba zan kwance shi sai na tuna ai hoton bi yake daga wannan modul zuwa wancan kamar sarƙa, shi ya sa ma aka yi kibiya a bayan kowane, in ko haka ne me zai hana laifin ya zama na faffaɗan kebul ɗin da ke tsakanin na ɗaya da na biyu. Na kashe wuta, na jira 'yar fitilar fawa saflai ta mutu, na canza kebul, ina kunnawa fari ya dawo.

Da na kai tsohon kebul ɗin gaban haske na ga abin da ya faru. Kwanektar HUB75 ce mai fil 16, layin nan mai jan zane a gefe shi ne na ɗaya, kuma shi ke ɗauke da jan kala na rabin sama. Irin wannan ba a yi mata solda, wasu ƙananan haƙora ne ke huda robar su kama wayar ciki, to wannan layin ya ɗan zame daga haƙorinsa, da ƙyar ido zai gani. Dalili kuwa ta kebul nake fizgowa in zan cire. Don Allah ku riƙa kama baƙar robar kanta da yatsu biyu, ku ɗan girgiza hagu da dama a hankali har ta fito, in za ku mayar kuma ku duba ɗan tudun da ke jikinta ya dace da tsagar soket ɗin, in ta ƙi shiga kar a danna da ƙarfi, fil ne zai lanƙwashe. Kuma kar a cire ko a jona allo na kunne, nan ne ake ƙona aisi (IC), wato 'yan ƙananan cip ɗin da ke bayan modul.

Ɓangaren wuta ya fi ba ni tsoro gaskiya. Mutum zai ce ai 5V ce kawai, amma saflai ɗina 40A yake bayarwa, sukuru ɗaya ya yi sako-sako sai wurin ya ɗau zafi har roba ta narke. Na tarar da guda da ya fara canza kala, na yanke bakin wayar na fere sabo na sa mata 'yar hular ƙarfen nan da ake matsewa da filaya sannan na ɗaure. Kar ku shafa wa bakin waya dalma ku cusa ƙarƙashin sukuru, dalma taushi gare ta, a hankali take lotsawa ɗaurin ya saki. Ja da baƙi kuwa sai na sa mita na tabbatar kafin in jona, ban ƙara yarda da kalar waya kaɗai ba.

In kun ga farin modul na ƙarshe yana komawa ja-ja, ku auna wuta a bakinsa ba a bakin saflai ba, shuɗi da kore su ke fara dushewa in wuta ta rage a hanya.

Sati mai zuwa in sha Allahu zan matse RJ45, wato kan kebul ɗin netwok, da hannuna, in gwada kwanekta mai hana ruwa shiga, don allon waje nake so ya koma. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min yadda yake sauke kebul ƙasa ya lanƙwaso shi kafin ya shiga akwatin allon, don ruwan sama ya ɗiga a waje.