Mai tankaɗen laka a Hobat

Duk lokacin da na kira gida, Hajiya sai ta ce, "Wai Baffa, har yanzu tankaɗen lakar kake yi?" Nakan ce eh, Hajiya, don ba ta faɗi ƙarya ba. Ƙaramin ɗakin gwaji gare ni a Hobat, babban birnin tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, mu uku ne a ciki. Daga tashar garin nan jirgin Nuyina mai fasa ƙanƙara yake tashi zuwa Antatika, kuma ta nan lakar da muke ci da ita take shigowa.

Masu bincike sukan huda ƙanƙarar da ta rufe tafki, irin tafkunan tsaunukan Vestfold da ke kusa da sansanin Davis, su kafa bututu a ƙasan ruwa su zaro laka. A yanka ta santimita-santimita, kowane yanki da jakarsa da lambarsa. Na ƙasa ya girmi na sama, shekarunsa kuma gwajin kabon 14 ne ke faɗa. Mu namu shi ne mu wanke, mu tace, mu tsince abin da ya taɓa rai a ciki, mu ƙirga.

Abin da aka fi kawo mana nema shi ne tardigirad, wata 'yar halitta mai ƙafa takwas da yawanci ba ta kai milimita ɗaya ba. Ta yi suna wajen taurin rai. A 2014 masana a Japan sun narkar da gansakukar da aka ɗebo kusa da sansanin Showa a Antatika tun 1983, sai ga biyu sun motsa, ɗaya har ta yi ƙwai. Amma in ta mutu, jikinta ba ya jimawa. Burbushinta na zamanin da, wanda aka samu cikin daskararren ƙaro, bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da laka ke riƙe mana biyu ne: saɓar da halittar take yi kamar maciji, mai ɗauke da faratanta a jiki, sai ɓawon ƙwai.

Ƙwan nan shi ne rabin sana'ata. A ƙarƙashin madubin likita wani kamar ƙarangiya yake, wani kuma an jera masa 'yan ƙusoshi masu faɗin kai. Da wannan ado ake gane jinsi. Masu zuba ƙwai sumul cikin saɓarsu kuwa, waɗannan su ne ciwon kai, sai dai ka bi ta farata, in ka yi sa'a ba su karye ba.

Tafkin Antatika ya iya ajiya. Ga sanyi, ga ƙanƙara a sama kusan duk shekara ta hana iska kaɗa ruwa, ba kifi, ba mai tonon ƙasa ya birkita jerin. Abin da ya faɗa ƙasa nan zai kwanta, shimfiɗar kainuwar ƙwayoyin halitta ta lulluɓe shi, shekara dubbai.

Matsalar a hannunmu take. Bara na ɗauki wani yaro ɗalibi, mai hankali kuwa. Na fita karɓo kaya, ya ɗauki rariya mai ramin maikuromita 125 (maikuromita dubu ke yin milimita ɗaya) a maimakon ta 38 da muke amfani da ita. Yawancin ƙwan bai kai 100 ba. Kafin in dawo ya wanke jaka shida tas, ruwa ya tafi da komai ta magudana. Na tsaya ina kallon famfo, na kasa cewa uffan. Laifina ne, rariyoyin a ƙusa ɗaya na rataye su. Lakar ba ta da madadi, don bututu ɗaya aka zaro daga tafkin, kuma ba wanda zai tayar da jirgi saboda santimita shida. Na kira mai kayan na faɗa mata gaskiya, na yafe kuɗin aikin gaba ɗaya. A jadawalinta wurin nan fari ya fito.

Kuɗin jaka-jaka ake biya, ba na awa ba, alhali wata jakar takan ci min yini guda ina ɗaga ƙwai ɗaya-ɗaya da gashin gira da na liƙa a tsinke. Yaron yana nan tare da mu, ya ma fi ni saurin ido yanzu. Rariya ta 38 na shafa mata jan fenti a baki, ta 125 kuma tana cikin aljihun tebur, makullin yana wajena.