Karayar ƙashin ƙugu ba ta zuwa ita kaɗai

A cikin dukkan karayar da ake kai wa asibiti, ta ƙashin ƙugu kusan kashi 3 ce cikin 100, kuma wannan ƙarancin ne ya sa jama'a ba su san ta kamar yadda suka san karayar hannu ko ta ƙafa ba. Amma idan aka ware waɗanda suka ji munanan raunuka a hatsari aka ƙirga su, adadin yakan kai kusan mutum 1 cikin 10. Dalilin yana cikin halittar ƙashin. Zobe ne mai kauri wanda jijiyoyi masu ƙarfi suka ɗaure, yana ɗauke da nauyin gangar jiki, don haka ba ya karyewa a jikin matashi mai lafiya sai an yi masa bugu mai tsanani, kamar mota ta banke mai tafiya a ƙasa, ko ɗan acaba ya shige ƙarƙashin babbar mota, ko magini ya faɗo daga saman bene.

Bugun da ya isa ya karya wannan zobe ba ya tsayawa a nan. Sau da yawa akan sami haƙarƙari sun karye, huhu ya ƙuje, saifa ko hanta ta fashe, ko kuma kai ya bugu, kuma raunin kai yana daga cikin manyan abubuwan da ke kashe irin waɗannan majinyata. Mafitsara tana zaune ne a bayan ƙashin mara, shi ya sa mafi yawan waɗanda mafitsararsu ta fashe a hatsari akan tarar ƙugunsu ma ya karye. Hanyar fitsari ta fi yankewa a jikin maza saboda tsawonta, kuma idan aka ga ɗigon jini a bakinta, likitoci kan dakata da sa robar fitsari har sai an bincika.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jinin da ba a gani. Jikin babban mutum yana ɗauke da kusan lita 5 ta jini, kuma idan zoben ya buɗe, lita da dama za ta iya malala a cikin ƙugu ba tare da ko ɗigo ya taɓa tufafi ba. Mutum yana kwance a gefen titi yana magana, masu taimako suna hamdala cewa bai ji ciwo sosai ba, alhali tafin hannunsa ya yi sanyi, leɓɓansa sun yi fari, yana ta neman ruwa. Daga nan sai a kama shi hannu da ƙafa a cusa a Adaidaita Sahu, kowane rami aka faɗa ƙashin yana motsi, gudan jinin da ya fara toshe jijiya yana warwarewa.

Mafi yawan wannan jini daga ƙananan jijiyoyin jini da bakin ƙashin da ya karye yake fita, don haka matse ƙugun yana rage shi. Zane ko zanen gado ya isa: a naɗe shi, a zagaya da shi daidai tudun ƙashin da ke saman cinya a gefe biyu, ba a kan ciki ba, a ɗaure tam, a haɗa gwiwoyi, sannan a ɗauki mutumin a kan abu mai faɗi da tauri. Ina girmama masu ɗori, amma wannan karaya ba tasu ba ce, domin tana bukatar hoto da ƙarin jini, wani lokaci da tiyata, irin aikin da ake yi a asibitocin koyarwa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Tsofaffi kuwa lamarinsu daban ne, musamman mata waɗanda ƙashinsu ya yi rauni bayan daina al'ada. Santsin banɗaki kaɗai yana iya tsaga ƙugunsu, kuma ko da jinin bai yi yawa ba, doguwar kwanciya takan jawo musu gyambon baya da ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa, shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin tayar da su da wuri gwargwadon yadda karayar ta ba da hali.