Abin da ke cinye kujerun fatar roba kafin lokacinsu

Ana yawan ganin motar da injinta yake lafiya ƙalau, fentinta bai dushe ba, amma da zarar an buɗe ƙofar direba sai a tarar gefen kujerar ya tsattsage, fatar tana ɗayewa, har yadin da ke ƙarƙashinta ya leƙo. Mai motar yakan ɗora laifin a kan waɗanda suka ƙera ta, kuma wani lokaci yana da gaskiya, domin kayan sun bambanta a inganci. Sai dai a ganina mafi yawan wannan lalacewa tana zuwa ne daga yadda ake kula da kujerar, musamman da yake mutane da dama suna yi wa fatar roba hidimar da ta dace da fatar dabba, alhali ba abin da ya haɗa su sai kama ta ido.

Fatar roba hawa-hawa ce. Daga can ƙasa akwai yadi, yawanci na zaren poliyesta, wanda shi ne ke riƙe da ƙarfinta. A kansa akwai roba mai taushi wadda ke ba ta kauri da laushi. Daga sama kuma akwai wani siririn shafi wanda ke kare launi da zanen da ke sa ta yi kama da fata. Wannan shafi na sama, wanda kaurinsa bai taka kara ya karya ba, shi ne rayuwar kujerar gaba ɗaya. Muddin yana nan, ruwa da maiƙo da datti ba sa ratsawa. Ranar da ya goge ko ya tsage, robar da ke ƙasa ba ta da sauran kariya, kuma babu wani mai ko sinadari da zai sake tsiro da shi.

Robar kanta iri biyu ce aka fi amfani da su, kuma kowace da irin cutarta. Ta farko ita ce PVC, wadda asalinta abu ne mai tauri, sai an gauraya ta da wasu sinadarai masu sa laushi kafin ta lanƙwasu. Waɗannan sinadarai ba a ɗaure suke a jikinta ba, don haka zafi da daɗewa suna fitar da su a hankali, maiƙo da sinadaran narkarwa kuma suna tsotse su da sauri, daga nan sai kujerar ta sandare ta fara tsagewa a wuraren da take lanƙwasawa. Ta biyu ita ce PU, wadda ta fi laushi da daɗin zama, amma danshi ne makasarta, domin idan ruwa ya haɗu da zafi yakan tsinka sarƙar sinadaran da aka gina ta da su, sai ta fara danƙo, sannan ta riƙa ɓarewa. Wannan ne ya sa motar da aka rufe watanni a wuri mai laima takan fito da kujeru a lalace ko da ba wanda ya zauna a kansu.

Batun ya wuce na motoci masu araha. Mercedes-Benz ta shafe shekaru da dama tana amfani da fatar robarta mai suna MB-Tex, wadda ta yi suna wajen juriya, BMW tana da Sensatec, Toyota tana da SofTex, Tesla ta daina sa kujerun fatar dabba a 2017, Volvo kuma ta sanar a 2021 cewa sababbin motocinta masu aiki da lantarki zalla ba za su zo da fatar dabba ba. Saboda haka mutum yana iya zama a kan roba yana zaton fata ce, kuma abu na farko da ya kamata ya yi shi ne ya duba littafin motarsa ya tabbatar da abin da yake da shi.

Rana ita ce babbar mai ɓarna. Motar da aka rufe aka bari a tsakar rana iskar cikinta tana iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, baƙar kujerar da hasken ke duka kai tsaye kuma takan fi haka zafi. Gilashin gaba yana tare mafi yawan hasken da ke lalata roba, amma gilasan gefe na motoci da yawa suna barin wani kaso ya wuce. Inuwa, da makarin rana da ake jinginawa a gilashin gaba, da fim mai tare hasken da ake liƙawa a gilashi a inda doka ta yarda da shi, sun fi duk wani mai da za a saya amfani.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Man da aka yi domin fatar dabba an yi shi ne ya nutse cikin fata ya tausasa ta, ita kuwa roba ba ta da ƙofofin da za su sha shi, don haka sai ya kwanta a sama yana kama ƙura, wani ma ya tausasa shafin har ya saki. Haka nan mai sa sheƙi da masu wankin mota kan fesa: kujera takan fito tana walƙiya, mai ita ya ji daɗi, amma santsi da maiƙon da ya bari ba su kare komai ba. Mafi muni su ne fetur, da kananzir, da tina mai narkar da fenti, da bilic, da sifirit, da ruwan goge farce, waɗanda akan ɗauko idan biro ko wani tabo ya ƙi fita. Tabon yakan tafi, ya tafi da shafin tare. Farin soson nan da ake tallatawa cewa yana goge kowane tabo da ruwa kawai shi ma kankarewa yake yi.

Akwai kuma abin da jikinmu ke kawowa ba tare da mun lura ba. Man gashi yana taruwa a majinginar kai, man shafawa da gumi suna taruwa a majinginar hannu, kuma a waɗannan wuraren ne kumburi da ɓarewa suka fi saurin bayyana. Ruwan tsabtace hannu mai alkohol, da man kariya daga rana, da maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET, wanda aka san yana narkar da roba, duk suna cin shafin. Kamfanin Ford ya taɓa bayyana a 2019 cewa injiniyoyinsa suna gwada irin waɗannan kayan shafa a kan kayan cikin mota saboda ɓarnar da suke yi. Barin hannu ya bushe kafin a taɓa kujera ko sitiyari, da ɗora ƙyalle mai tsabta a majinginar kai ga mai yawan shafa mai, sun isa rage wannan matsala ƙwarai.

Gefen kujerar direba na wajen ƙofa kuwa gogayya ce ke kashe shi. Wanda ya saba faɗawa a kan wannan tudu sannan ya zame zuwa tsakiya yana danne soson yana kuma goge shafin sau da yawa a kowace rana, ga maɓallan ƙarfen wandon jins da makullan da ke aljihun baya suna karta. Yashi da ƙura da suka maƙale a ɗinki suna aiki kamar samfefa duk lokacin da aka motsa. Ya fi kyau mutum ya ja kujerar baya kaɗan, ya ɗaga jikinsa ya zauna a tsakiya, kuma ya yi haka wajen fita.

Tsabtacewar da ta dace ba ta da wahala. A fara zuƙe ƙurar da ke cikin ɗinki, sannan a goge da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da ruwa mai ɗumi kaɗan da ɗigon sabulu marar ƙarfi, a matse shi sosai, a bi da ruwa zalla, a tsane da busasshen ƙyalle, domin ruwan da ya shige ramukan allura yana zama a cikin soso ya ci robar daga ƙasa. Shuɗin jins da ya hau farar kujera a goge shi da wuri, tun bai kama ba. Duk wani sabon sinadari, ko da an rubuta cewa na fatar roba ne, a gwada shi a ɓoyayyen wuri tukuna.

Rigar kujera tana da amfani idan ta zauna daram kuma tana barin iska ta ratsa, amma mai sako-sako tana gogar abin da aka saye ta domin ta kare, ta leda kuma tana riƙe danshi. Motoci da yawa suna da jakar iska a gefen kujera, wadda ke fasa ɗinki ta fito idan an yi karo, don haka rigar da ba a yi ta da wannan tanadi ba tana iya hana ta buɗewa.

Idan yanka ne ƙarami ko tsaga ɗaya, ana iya liƙe yadi ta ƙasa a cike wurin da man gyaran roba mai launin kujerar, kuma gara a yi haka tun bai faɗaɗa ba. Idan kuwa fatar ta fara danƙo tana ɓarewa a wurare da yawa, fenti ko liƙi ba za su daɗe ba, domin abin da za a liƙa a kai shi ma ya ruɓe. Mai ɗinkin kujerun mota zai iya farke wannan ɓangaren kaɗai ya sa sabo, in dai ba a kan ɗinkin jakar iska yake ba, wanda sai a wurin da aka amince su taɓa shi. Motar da garantinta bai ƙare ba kuma a ɗauki hoton wurin a kai ta ga dillali kafin a shafa mata komai, domin sinadarin da ba a yarda da shi ba yana iya zama dalilin ƙin karɓar ƙorafin.