Yadda ni da ƙanena muka gane garafik ɗin motsi a tsakar gida

Ƙanena yana lise nan Tahoua, ran nan ya kawo mini kaye ɗinshi na fizik wai in duba mashi. Garafik ne, lokaci a kwance, nisa a tsaye, layin ya hau sama ya miƙe kaɗan sannan ya sauko. Na ce to mi ka gani? Ya ce yaya ai mota ce ta hau tudu ta sauka. Wallahi abin ya taɓa ni, don nima haka na riƙa gani shekarun baya, ina ɗaukar garafik kamar hoton hanya, kuma har yau na tuna makin da na rasa a jarrabawa saboda wannan.

Sai na ce aje bik ɗin, mu fita. Muka ɗauko gawayi muka ja alama a ƙasa kowane mita ɗaya tun daga bakin randa har zaure, mita 10. Ƙanwarmu ita ce "motar", shi yana riƙe da waya yana ƙirga daƙiƙa, ni ina rubuta inda take duk bayan daƙiƙa 2. Tana cikin tafiya silifa ɗinta ya cire ta tsaya gyarawa, na ce kar ka tsaida agogo bari ya ci gaba, daga baya Inna ta kira ta ta juyo baya.

Da muka sa ɗigo-ɗigon a takarda muka haɗa, ga layi ya hau, ga shi ya kwanta daidai wurin silifa, ga shi ya sauko lokacin da ta dawo. Tsakar gidanmu kuwa shimfiɗe take, ko tudu ɗaya babu. Yaron ya yi shiru yana kallon takarda sannan ya ce "ashe lokaci ne ke tafiya ita tana tsaye". Daga nan lissafin gudu ya zo da sauƙi, ta yi mita 6 cikin daƙiƙa 4, ka raba ka samu mita 1,5 a daƙiƙa, iya tsananin hawan layin iya saurinta.

Inda muka sha wuya shi ne garafik na gudu da lokaci, don can layi kwance ba tsayawa ba ne, gudu ne da bai canza ba. Sau biyu yana faɗawa tarkon. Na kawo mashi misalin kabu-kabu mai gudun mita 10 a daƙiƙa har daƙiƙa 30, filin da ke ƙarƙashin layin shi ne nisan da ya yi, 10 sau 30, mita 300 kenan ya ci. In kuma daga tsaye ya tashi ya kai 10 cikin daƙiƙa 5, filin ya zama mai kusurwa uku, rabin 10 sau 5 za ka ɗauka, mita 25.

Yanzu kafin ya taɓa kowane garafik sai na sa ya ɗora yatsa a layin tsaye ya karanta mini abin da aka rubuta da ƙarfi, mita ne ko mita a daƙiƙa. Alamun gawayin ma Inna ta ce kar a share tukun, ranar Asabar abokanshi biyu za su zo mu gwada da keke.