Ni da mai juye da lambar da ke jikin galan

Motata Hilux ce mai shan fetur, ƙirar 2012, injin lita 2.7 wanda Toyota ke kira 2TR-FE. Ta hannu na saya. Aikinta ɗaukar buhuna: riɗi, gero, wake, wani lokacin zoɓo, daga kasuwannin Jigawa zuwa Dawanau. Alhamis Maigatari, sauran ranaku duk inda aka ce kaya ya yi sauƙi.

Shekara biyun farko ban taɓa karanta abin da ke rubuce a jikin galan ɗin baƙin mai ba. In lokacin juye ya yi sai in tsaya wurin wani mai juye a bakin titi, in ce a zuba mai kyau, in koma benci in kira mai shayi. Mai kyau a wurinsa 20W-50 ne, kuma yana da hujjarsa. Yakan ɗiga a ɗan yatsa, ya murza, ya buɗe yatsun a hankali ka ga man yana binsu kamar zuma. "Alhaji, ka ga jiki? Wannan shi ne man zafin Kano. Ƙananan lambobin nan ruwa ne, na ƙasar Turawa."

Ban musa ba, don abin da na tashi na gani ke nan. Mahaifina a-kori-kura ya tuƙa, Fijo 504 irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, kuma SAE 40 yake zuba mata, lamba ɗaya tal. Motar ta yi masa shekara da shekaru. To wa zai gaya mini kauri ba shi ne inganci ba?

Hunturu ne ya fara sa ni tunani. Ranar kasuwa da asuba nake fita, ana idar da sallah. In na tayar da ita, jar fitilar mai takan ɗan jima kafin ta mutu, kuma daga saman injin ina jin wani ƙaras-ƙaras na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya lafa. Da bazara ba na jin sa. Na faɗa wa mai juye, ya ce sanyi ne, kowace mota haka take yi.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya ya raka ni wata Alhamis. Yana jin ƙarar ya buɗe ɗan akwatin gaba ya tono littafin motar daga ƙarƙashin tarin rasiɗai. Wallahi ban san yana nan ba. Ya buɗe shafin baƙin mai ya ce, "Kawu, duba nan." Zane ne mai kibiyoyi huɗu a kan layin ma'aunin zafi: 5W-30, 10W-30, 15W-40, 20W-50. Duka huɗun kibiyarsu ta miƙe har ƙarshen ɓangaren zafi. A ɓangaren sanyi ne suka bambanta, 20W-50 ya fi saurin tsayawa, 5W-30 ya fi nisa. Wato mai juye bai zuba mini haramun ba, littafin ya yarda da mansa. Amma littafin bai ce 5W-30 zai gaza a zafinmu ba, wanda shi ne ginshiƙin hujjar da aka shekara biyu ana ba ni.

A hanya yaron ya warware mini lambobin, daga baya na bi na karanta da kaina. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ita ta tsara su. W ɗin harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci, ba nauyi ba ne kamar yadda nake zato. Lambar da ke gabansa tana faɗin yadda man ke motsi cikin tsananin sanyi: ana gwada 5W a digiri 30 ƙasa da sifili, 10W a 25, 15W a 20, 20W kuma a 15. Lamba ta biyu kaurinsa ne a digiri 100, zafin da mai kan kai a cikin injin da ke aiki. Da ma'aunin da suke kira sentistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 daga nan zuwa 16.3, mai 50 zuwa 21.9.

Abin da ya ɗaure mini kai, har na rage gudu don in ji da kyau, shi ne wannan. 5W-30 ɗin da ake kira ruwa, in yana cikin galan a zafin ranarmu na digiri 40, kaurinsa wajen 60 ne. Shi kuwa 20W-50, in ya shiga injin ya ɗau zafi, yakan tsinke ya koma wajen 18. Ashe "ruwan" da muke rainawa a yatsa ya ninka kaurin da mai kaurin ke aiki da shi sau uku. Yatsa yana auna man ne a yanayin da injin ba ya aiki da shi. Shi kuma 20W-50 a digiri 40 ya haura 150, balle da asubar hunturu, lokacin da zafi ke sauka ƙasa da 15. Wannan kunun ne famfon mai zai tsotso daga ƙasa ya tura ta ƙananan hanyoyi har saman injin, kuma kafin ya isa ƙarfe na gugar ƙarfe.

Ni mutum ne mai taurin kai, sai na gwada. Na ɗebi iri biyun a robobin ruwa, na saka a firiza aka kwana, duk da ƙorafin uwargida. Da safe na karkata su tare. Ɗaya ya zubo, ɗaya sai da ya yi shawara. Na sake tsoma su cikin tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, na karkata. Dukansu suka zubo shar, bambancin sai ka sa ido sosai.

Akwai kuma abin da ya raba injina da na mahaifina. Nawa yana da VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudu da nauyi, kuma matsin baƙin mai ne ke juya shi, ta wani ɗan bawul mai 'yar rariya da ba ta kai girman ɗan yatsa ba. A Fijon Baba mai shafawa kawai yake yi ya ɗebe zafi. A nan an ƙara masa aikin turi, kuma ana so ya isa da wuri.

Kada a ce na koma ɗaya gefen na makance. Wannan injin dai, a cikin Tacoma, motar ɗaukar kaya ta Toyota da ake sayarwa a Amurka, a ƙirar ƙarshe da ta zo da shi har 2023, 0W-20 aka rubuta masa. Can akwai dokar rage shan mai da ke kan kamfanonin mota tun 1975, kuma tsinkakken mai yana ɗan rage shan fetur. Ni ba zan zuba 0W-20 ba. Littafina bai lissafa shi ba, kuma motata ba titin Amurka take bi ba. In na loda ta har bayanta ya zauna, na shiga yashin hanyoyin ƙauye a giya ta biyu cikin watan Afrilu, iska ba ta bugun lagireto sosai, man yana ɗaukar zafin da ya wuce na tafiyar kwalta. A irin wannan ranar ɗan ƙarin jiki yana da amfani. A nan mai juye yana da rabin gaskiya, kuma na faɗa masa haka.

Da na koma 5W-30, ƙarar asuba ta ragu sosai. Amma sai na lura allurar zafi ba ta hawa tsakiya sai na kusa Gezawa. Bakanikena ya kwance, muka tarar babu tamostat, wannan ɗan bawul da ke riƙe ruwa sai injin ya ɗumama kafin ya sake shi zuwa lagireto. Wani ya cire tun kafin motar ta zo hannuna, da sunan wai ba a buƙatarsa a ƙasar zafi. Al'ada ce a garejinmu, kuma mummuna ce. Injin da ba ya kai zafinsa, man cikinsa yana zama da kauri fiye da yadda aka tsara, gumin ruwa da ɗigon fetur da ke sauka cikinsa ba sa ƙonewa, sai ya yi ta tara dauɗa. Na sayi sabo aka mayar. Bakaniken ya girgiza kai ya ce, "Maigida, kai dai ka cika neman magana."

Ga masu gas, wato dizal, zancen ya ɗan bambanta. Abokin tafiyata mai tsohuwar Hilux ta dizal 15W-40 yake zubawa, kuma daidai ne. Sai dai a duba haruffan API, wato alamar ajin mai ta cibiyar harkar man fetur ta Amurka, da ke jikin galan. Masu farawa da S, irin su SL, SN da SP, na fetur ne. Masu farawa da C, kamar CI-4, na dizal ne, an yi su don su riƙe baƙin hayaƙin da injin gas ke zubarwa cikin mai. Lambar kauri na iya zama daidai, haruffan su zama ba su ba ne. Kuma duk wannan lissafin banza ne in abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a waje ba. Na taɓa sayen wani a rumfar bakin hanya da na makara, murfinsa ya buɗe ba tare da zoben ya tsinke ba. Kafin sati biyu ya yi baƙi ƙirin yana warin ƙuna. Tun daga nan a gidan mai nake saye, in buɗe da hannuna.

Yanzu motar ta haura kilomita 300,000, ta fara ɗan shan mai. Tsakanin juye da juye, wato kilomita 5,000, sandar awo takan sauka kusan rabi, kuma in ta jima a tsaye tana aiki nakan ga ɗan shuɗin hayaƙi in na taka. Sai na hau mataki ɗaya, na koma 10W-40, duk da shi ma ba ya cikin huɗun littafin. Ban tsallaka zuwa 50 ba. Shan ya ragu, asuba kuma shiru. Na san wannan lallashi ne kawai, ringi ne suka fara gajiya, kuma wata rana sai an buɗe injin.

Har yanzu wurin mai juyen nan nake zuwa, don hannunsa na da tsabta kuma ba ya ɗaure filta kamar mai fushi da ita. Ni nake zuwa da galan biyu, tunda injin ya haura lita 5, ragowar in ajiye bayan kujera. Yakan karɓa, ya ɗiga a yatsa, ya murza, ya dube ni ya ce, "To, wannan dai da ɗan dama-dama." Ni kuma in rubuta kilomita da lambar man a jikin farin salatif, in manna a gefen ƙofar direba.